Gwaggo da Rediyon da Na Ƙwace Mata

Ranar da muka kai Gwaggo makwancinta, a zauren gidanmu na Gwandu aka shimfiɗa tabarmi, aka zaunar da ni kusa da Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Duk wanda ya shigo sai ya yi wa Baffa gaisuwa, a shafa addu'a, sannan ya juyo gare ni ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba. Wani dattijo da ya zo daga Masama a kan keke ya ce ko ɗan da ta haifa iyakar abin da zai yi mata ke nan. Limamin unguwarmu ya dubi samarin da ke bakin ƙofa ya ce su yi koyi da ni, na ɗauki tsohuwa na kai ta gidana a Kalgo, na yi jinyarta wata da watanni. Ina ta amsawa da amin, bakina yana ɗaci.

A cikin gida kuka bai yi yawa ba. Gwaggo ta manyanta, kuma babu macen da ke zaune a tsakar gidan nan da ba ta taɓa shan zaginta ba. Wata maƙwabciya ta ce yau dai awakin unguwa sun huta, mata suka tuntsire da dariya, sannan suka tuna inda suke, kowa ta kama istigfari. Da hantsi ya ɗaga sai ga ƙawar Gwaggo, wata tsohuwar Bafillata da ke kawo mata nono daga ruga tun kafin a haife ni. Ta bi kowa ta yi masa ta'aziyya, har da yara. Da na durƙusa a gabanta sai ta dubi bangon da ke bayana, ta gyara mayafinta, ta wuce. Matata tana tsaye a ƙofar madafa, ta gani, ta sunkuyar da kai. Su biyun nan ne kaɗai a gidan suka san abin da zan rubuta.

Karatuna bai yi nisa ba, na allo ne da na boko ɗan kaɗan. Amma ba na so a manta da Gwaggo, kuma ba na so a tuna da ita ta hanyar yabon da ake yi mini.

Yayar mahaifina ce. Uwata ta rasu ban daɗe da fara tafiya ba, Gwaggo ta ɗauke ni ta goya a bayan da ke warin daddawa, domin sana'arta ke nan. Kalwa take dafawa a wata ƙatuwar tukunya da ta fi ni tsawo a lokacin, ta surfa, ta wanke, ta rufe da buhu har ta nuna. Har yau idan na ji warin daddawa a kasuwa sai na waiwaya. Doguwa ce, baƙa, mai kaifin ido, kuma harshenta ya fi idon kaifi. Sunana na yanka ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ranar da za ta doke ni. Sauran ranaku Mai Kunnuwa nake. Idan mutum ya shigo mata da ƙorafi, ba ta bari ya fara, sai ta tura masa kwano ta ce ya ci tukuna, in ya ƙoshi ya yi ƙaryarsa a tsanake.

Akwai shekarar da suka ɓata da Baffa a kan wata bishiyar dogon yaro da ya sare ba da saninta ba, wadda a inuwarta take shanya kalwa. Damina guda ba ta yi masa magana ba. Amma kullum sai ta aika masa da tuwo, malmala biyu manya, da miyar kuka wadda babu ko ƙwayar daddawa a ciki. Baffa ya jure har ƙarshen damina. Ranar da ya kasa, ya zo da dashen dogon yaro a hannu, ya haƙa rami da kansa. Ta fito ta tsaya a kansa ta ce ramin bai yi zurfi ba.

Alherinta ma da faɗa yake zuwa. Shekarar da na faɗi jarrabawa, abokaina suka wuce gaba ni na tsaya, na shiga ɗaki na kwanta. Ba na fita, ba na wanka, abinci sai an matsa. Kwana da kwanaki haka. Gwaggo ba ta lallashe ni ba. Wata safiya ta jawo turmi har bakin ƙofata, ita da Bafillatar nan suka kama lugude, tana rera wata waƙa da ta ƙirƙira nan take a kan wani mai manyan kunnuwa da takarda ta kayar, ya kwanta yana jiran a zo a yi masa aure da katifa. Taɓarya na sauka, waƙa na tafiya, matan gida suna amshi. Na toshe kunne, na ji ƙafata tana bin kiɗan da kanta. Na fito don in yi faɗa, dariya ta ƙwace mini. Ta miƙo mini taɓaryar ta ce tunda na tashi in daka. Na rubuta wannan ne don a san cewa abin da na yi mata daga baya ban yi shi da rashin sani ba. A jikina aka fara gwada maganin.

'Ya'ya shida ta haifa, ɗaya ne ya rayu, kuma shi ne na fari. Ni Yaya nake ce masa. Gwaggo ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune. Mutumin fadama take ce masa, ko kuma wancan. Idan bai da lafiya sai ta kira ni tana kallon wani wuri ta ce an ce wani bai ci abinci ba, ga kunu nan in ga dama in kai, in ban ga dama ba in zubar. Shi kuma ya san kunun waye. Manomi ne, shinkafa da damina, albasa da rani. Yana da wata 'yar rediyo mai cin memori da yake ratayawa a wuya da igiya. Tun daga nesa, kafin a ga Yaya, ana jin gangar noma ko garaya tana tahowa.

Kububuwa ce ta sare shi a fadama. Kwana biyu ya yi. Gwaggo ba ta shiga ɗakin da yake kwance ba, sai dai ta yi ta wucewa ta ƙofar, wai tana neman tsintsiya. Da aka fito da shi ba ta yi kuka ba. Ita ta tsaya a kan tukwanen sadaka har aka yi bakwai, tana yi wa mata faɗan sun cika ruwa a miya. Kowa ya yaba. Baffa ya ce irin su Gwaggo sun ƙare a duniya. Babu wanda ya tambayi inda kukan ya tafi.

Bayan arba'in ta daina dafa kalwa. Sai ta daina fitowa tsakar gida. Takan kwanta ta fuskanci bango tun safe har a kira magariba, salla kawai ke tada ta, ita ma a zaune. Kwanon da aka shigar mata haka yake fitowa. Ta ce tuwo ƙasa-ƙasa yake yi mata a baki, jikinta kuma kamar an jiƙa shi da ruwa an ajiye. Abin da ya fi tsorata gidan shi ne ta daina zagi. Akuya ta shiga har ɗakinta ta ci garin da ke ƙwarya, tana kallo ba ta ce komai ba.

Da matar Yaya ta gama takaba za ta koma gidan iyayenta a Ceberu, ta shiga yi wa Gwaggo sallama, ta ajiye rediyon nan a gefen tabarma. Gwaggo ta ce ta kwashe tarkacenta. Matar ba ta kwashe ba, Gwaggo kuma ba ta ture ba. Washegari da hantsi matan gida suka ji garaya tana tashi ƙasa-ƙasa daga ɗakin.

Ba rana ɗaya ta miƙe ba. Da farko a kwance take ji. Bayan 'yan kwanaki aka ga ta zauna ta jingina. Sai aka ga kwano ya fito da rabi. Ta tsara abinta: da safe gangar noma, da ita take shara, da rana garaya, tana tsintar kalwa, in an kira salla ta kashe, ta nannaɗe igiyar ta sa a ƙarƙashin matashi. Ranar da ta leƙo ta ce wa matar Baffa ɗaurin ɗankwalinta kamar an naɗe kabewa, matar Baffa ta shiga ɗaki ta yi sujadar godiya. Bafillatar nan ta tambayi Gwaggo ko kiɗan yana cire abin da ke ranta. Ta ce ba ya cirewa, yana dai matsar da shi gefe har tuwo ya sami hanyar wucewa.

Ni a lokacin ina Kalgo. Ina da shagon cajin waya a hanyar jami'a, kuma da can ina tura wa mutane waƙoƙi a memori. Shekara biyu kafin nan na daina tura waƙa, na koma wa'azi da karatu zalla, na rubuta haka da fenti a jikin shagon. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ban yi nadamarsa ba. Abin da ya lalata ni shi ne ɗalibai sun fara ce mini Ustaz, ni kuma sunan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Wata rana wani ɗan unguwarmu ya tsaya a shagon, ana cike, ya ce cikin raha, Ustaz a fara gyara gida mana, garaya ce ke tashi a ɗakin Gwaggo kamar gidan 'yan bori. Aka yi dariya. Na yi tare da su, amma har na rufe shago kunnuwana suna zafi.

A gidanmu wannan kalma tana da nauyi. Mahaifiyar su Gwaggo, kakarmu, an ce ta yi bori a ƙuruciyarta kafin ta tuba. Ba a zancen, amma kowa ya sani, kuma idan aka yi faɗa da wani gida abin da ake goranta mana ke nan.

Ranar Juma'a na hau babur na tafi Gwandu. Na same ta zaune, ido rufe, rediyon a cinyarta, kafaɗunta suna rausaya a hankali, hawaye na bin kumatunta, bakinta kuma yana murmushi. Na yi sallama sau uku ba ta ji ba. Na fita na sami Baffa na jera masa hujjoji kamar mai karanta littafi. Mace ta kwanta kamar gawa, magani bai tada ta ba, nasiha ba ta tada ta ba, sai garaya. Su waye garaya ke tayarwa? Kuka da dariya a lokaci guda, na mutum ne? Na ce iskokin kaka ne suka sami ƙofa a buɗe suka dawo, kuma kiɗan nan abincinsu ne. Baffa ba mugu ba ne, matsoracin abin kunya ne. Ya ce ni ne mai karatu, in yi abin da ya dace.

Na jira ta tada sallar la'asar, na sa hannu a ƙarƙashin matashin. Da ta sallame ta laluba, ta juyo ta gan shi a aljihuna. Na shirya wa zagi. Da ta zage ni, wataƙila da na mayar.

"Mai Kunnuwa, ba ni abin ga," ta ce. "Ba ni ƙure shi. Ko kai da kana tsakar gida ba ka ji."

Na ce don lafiyarta ne.

"Na roƙe ka. Ban taɓa roƙon ka komi ba."

Gaskiya ta faɗa, ba ni kaɗai ba, ban taɓa jin ta roƙi kowa ba. Kuma ba za ta iya cewa na ɗanta ne ba, bakinta ba zai faɗa ba. Na dube ta, matar da ta goya ni, na ce, "Ba ke ce ke magana ba, Gwaggo."

Wannan jimlar ita ce sandar da na yi ta dukanta da ita wata huɗu. Duk abin da ta ce, ba ita ce ta ce ba. In ta yi kuka, su ne ke kuka. In ta yi shiru, sun ɓuya. In ta ƙi abinci, su suka hana. Babu wata ƙofa da na bar mata da za ta fito ta ce ga ni, ni ce.

Na ɗauko ta zuwa Kalgo, wai don a yi mata magani nesa da idon unguwa. A makon farko na kai memorin shago, na sa a kwamfuta, na share duk abin da ke ciki ban buɗe ko ɗaya ba, na cika shi da wa'azi. Na tuna na yi hamdala da na gama.

Na kira wani malami mai ruƙiyya. Allah ya saka masa, mutumin kirki ne. Ya zo sau biyu. Yana karatu Gwaggo tana bin sa a hankali har ya kai aya. A zuwa na biyu ya ja ni waje ya ce shi bai ga komai a jikin baiwar Allah nan ba sai baƙin ciki, in kai ta asibiti, in kuma sassauta mata. Na yi masa godiya, a raina na ce karatunsa ne bai kai ba. Na ɗauko lasifikar shago na ajiye a ɗakinta, na ƙure, tun bayan karin kumallo har yamma, ga hayaƙi ina turarawa ƙofa a rufe. Wata rana na shiga canza garwashi ta ce, ba tare da ta juyo ba, ita Alƙur'ani tun ba a haifi ubana ba take jin sa, kuma ba a saukar da shi don a doki tsohuwa da shi ba. Na ce a zuciyata, ka ji su, sun fara jin zafi.

Da ƙafafunta suka kumbura, zanenta ya fara zagaye ta sau biyu, matata ta matsa muka kai ta asibiti. Wata ma'aikaciyar lafiya ce ta duba ta, ta zauna ta yi tambayoyi a natse: barci, cin abinci, wa ya rasu, tun yaushe. Ta ce wannan ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar hawan jini, ana shan magani kuma ana samun sauƙi. Ta rubuta magani, ta ce mu dawo bayan mako biyu. Sannan ta tambayi Gwaggo ko akwai abin da in ta yi ko ta ji ranta kan yi sanyi. Gwaggo ta dube ni. Matata ce ta ce kiɗa. Matar ta ce to a ba ta, ba zai maye gurbin magani ba amma yana taimakawa ƙwarai, a kuma riƙa zama da ita ana hira, kada a bar ta ita kaɗai.

A hanya na gargaɗi matata kada in ji wannan magana a bakin kowa. Na kira Baffa a waya na ce likitoci sun duba ba su ga komai ba. Na san yadda zai fassara, kuma haka ya fassara. Maganin na ba ta har ya ƙare. Komawa ce ban yi ba, don na san tambayar da za a fara yi mini.

Ana nan sai ga Bafillatar nan ta zo Kalgo, ita da ba ta son mota, da ƙwaryar nono a cinya tun daga Gwandu. Ina shago. Da na dawo da azahar na tarar lasifika a kashe, tsohuwar tana zaune a gefen katifa tana rera wani abu da Fillanci ƙasa-ƙasa, irin wanda suke yi wa shanu a wurin tatsa, tana buga gefen ƙwarya da zobenta. Gwaggo ta tashi zaune, ludayi a hannunta, ta sha fura ta kai rabin kwano. Matata tana bakin ƙofa tana share ido. Na ce wa baƙuwar, da ladabin da ya fi zagi muni, mun gode, amma gidan nan ana magani, ba a waƙa. Ta tashi ta ɗauki ƙwaryarta. A zaure ta tsaya.

"Yaro, mu ko saniya ɗanta ya mutu, mukan bar mata fatarsa ta shinshina, in ba haka ba nono ba ya zuwa. Kai ka fi mu karatu."

Na gane abin da take nufi tun kafin ta kai bakin titi. Na gane sarai. Kuma na ƙara mako uku ban yi komai ba, saboda in na mayar da rediyon sai na ce wa Baffa na yi kuskure, sai maganar ta kai shago.

Ba tausayi ne ya juya ni ba, kada a rubuta mini shi. Wata safiya matata ta tarar Gwaggo ta fito da farin ƙyallen da tsofaffi kan tanada don ranar tafiya, ta ninke ta ajiye a kan akwatinta inda za a gani. Matata, wadda ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ta same ni ina ɗaura takalmi ta ce in tsohuwar nan ta mutu a ɗakinta a haka, ita da bakinta za ta faɗa wa Baffa abin da aka ce a asibiti, in ya so in sake ta. Tsoro ne ya tada ni.

Na je can cikin kasuwa wurin wani mai turin waƙoƙi da na sha yi wa wa'azi, na ce ya zuba mini garaya da gangar noma da kukuma, duk na tsofaffin makaɗa da yake da su. Ya dube ni ya ce Ustaz ko an dawo layi ne. Na ce na wata tsohuwa ne. Na share wa'azin, aka zuba kiɗa a memorin, na sa a rediyon, na kai mata da hantsi.

Ta karɓa da hannu biyu. Igiyar ta fara kamawa, wadda gumin wuya ya mayar baƙa, ta kai ta hanci. Na kunna mata. Gangar noma ta tashi. Can sai na ga babban yatsan ƙafarta yana motsi. Kafin azahar ta ce wa matata ko akwai kunu, ta sha, ta ce ya yi tsululu kamar hawayen marowaci. Matata ta fito tana dariya tana kuka. Ni kuwa na zauna a ƙofar ɗaki ina jin kamar an sauke mini buhu, ina cewa ashe abin da sauƙi, ba za ta ma gane ba.

Ba ta tsallake ko ɗaya ba. In an kira salla ta kashe, ta idar ta kunna. Na lura duk lokacin da wata garaya ta zo ƙarshe sai ta ɗaga rediyon ta kai kunne, in wata ta fara sai ta sauke. Bayan la'asar kiɗan ya ƙare ya koma na farko. Ta kashe.

"Wanga ba shi ba na."

Na ce makaɗan ɗaya ne, har ma na ƙaro mata wasu.

Ta ce ta ji, kiɗan ya yi daɗi, Allah ya yi albarka. Amma a wancan, bayan wata doguwar garaya, akwai inda kiɗa ke tsayawa, sai iska, sai ƙarar injin ban ruwa. Sai wani ya yi tari. Sai ya kama bin waƙar da baki, yana ɓata ta.

"Muryatai kamar ta jaki," ta ce. "Ina ka kai shi?"

Irin rediyon nan tana da wani maɓalli a gefe da ke ɗaukar murya. Mutum yana aiki, tana lilo a ƙirjinsa, sai ya dannu bai sani ba. Na sayar da irinta sun fi a ƙirga. Na kuma san aikina: abin da aka share aka zuba wani a kai har sau biyu ba ya dawowa. Duk da haka washegari na kai memorin Birnin Kebbi wurin waɗanda suka fi ni, suka gaya mini abin da na sani. Amma a wannan yammacin, a gabanta, ban sami ƙaryar da zan yi ba. Na faɗa mata na share muryar Yaya.

Ba ta yi kuka ba. Ta nannaɗe igiyar a jikin rediyon, ta ce a mayar da ita Gwandu.

Ta yi kusan mako uku a ɗakinta. Ba ta yar da rediyon ba, tana ji, kuma yana yi mata amfani: takan fito ta zauna a hantsi, ta ɗan ci, har ta yi wa jikokin Baffa tsawa. Na koma asibiti na karɓo magani, na sha tambayar da na guje wa. Sai dai jikin ya riga ya tafi. Wata huɗu na yunwa ba wasa ba ne ga mai shekarunta.

Ranar Laraba aka kira ni aka ce jikin ya tsananta. Na iso da rana, na tarar ƙawarta a gefenta tana yi mata fifita. Na durƙusa na ce Gwaggo ki yafe mini. Ta dubi rufin ɗaki. Sannan ta kira ni da sunana na yanka.

"Goyon da na yi ma, na yahe. Hayaƙin ga da ka yi ta tura man, da yunwa, duk na yahe, nawa na." Ta nisa. "Wancan da ka share kuwa ba nawa ba na. Bari in na tahi in tambayo mai shi."

Washegari bayan azahar ta cika, da kalmar shahada a bakinta, ƙawarta ce shaida.

Baffa, da sauran dangi, abin da aka ce a asibiti ke nan, kuma abin da na yi ke nan. Matata ba ta da laifi, ni na rufe mata baki. Daga Allah muka zo, gare Shi Gwaggo ta riga mu komawa. Ya Ubangiji ka yalwata mata kabarinta, ka yafe mata kaifin harshenta saboda cikunan da ta cika, ka sada ta da ɗanta a inda za ta dube shi ido da ido ta kira sunansa. Duk wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a. Ni tawa amsar tana can wurinsu, ba ta da hanyar zuwa, sai na je.